Shekarar da Na Ƙi Faffaɗan Allo

Akwai wani labari da ake bayarwa a gidan nan wanda ba gaskiya ba ne, kuma daga bakina ya fito. Ku 'ya'yana kun san shi, har jikoki sun haddace: wai Didam ya kawo wa Mama allon kwamfuta mai lahani, allon ya jawo abin kunya a wurin jana'iza, shi ya sa Mama ta manne wa ɗan tsohon allonta har ranar da ta rufe shago. Haka kuke faɗa, ni kuma ina zaune ina gyaɗa kai kamar mutuniyar kirki. To yau zan warware shi, tun yatsuna suna iya bin kibod ba tare da sun nemi taimakon ido ba. Kasham 'yata, ke za ki gyara mini kuskuren bugu, amma ban ba ki izinin taɓa magana ko ɗaya ba. Na san halinki na son rufa wa mutum asiri ko bai roƙe ki ba.

Bayan na yi ritaya daga aikin buga tafireta a ofis, ban iya zaman gida ba. Babanku, Malam Ishaya, shi kam ritayar hedimasta ta karɓe shi: kujera, rediyo, da gyara wa mai karanta labarai Turanci. Ni na kama ɗan shago a Kafanchan, can wajen layin dogo, na sa kwamfuta ɗaya da firinta. Ɗaliban kwalejin Gidan Waya suna kawo mini furojet, masu aure suna kawo kati, amma abin da aka san ni da shi shi ne furogiram na jana'iza, ɗan littafin nan da ake rabawa a coci, mai hoton mamaci a bango, da tsarin sujada, da tarihinsa, da sunayen waɗanda ya bari. Wanda ba ɗan wajenmu ba ba zai gane nauyin wannan takarda ba. Mutane ba sa jefar da ita. Tsofaffi suna cusa ta cikin Littafi Mai Tsarki, bayan shekara goma a zaro ta a nuna wa yaro a ce ga kakanka. Ka bar sunan 'ya ɗaya, ko ka sa ƙane a gaban wa, to an sami abin yin gaba har wata jana'izar. Ni kuwa ban taɓa yin kuskuren suna ba, kuma ban ɓoye alfaharina da haka ba. Ko Fasto ne ya kawo rubutu sai na nuna masa inda ya yi tuntuɓe.

Yadda nake aiki ba wani sirri ba ne, duk masu wannan sana'a haka suke yi. Ba a fara sabon furogiram daga farar takarda. Na baya za ka buɗe, ka cire hoto ka sa hoto, ka goge suna ka sa suna, ka canja waƙoƙi da masu wa'azi. Bangon gaba da na baya a shafi ɗaya mai faɗi ake shirya su, na baya a hagu, na gaba a dama, in an buga sai a ninke. Tsohon allona, wanda ku kuke ce wa monita, ƙarami ne, tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya, wannan shafin ba ya shiga cikinsa gaba ɗaya. Dole sai na riƙa jan shafin da maus kaɗan-kaɗan, kowane lungu ya zo ya wuce ta tsakiyar allon, ta gaban hancina. Ku kuna ganin wahala ce nake sha. Ba ku san wannan jan shi ne ya rufa mini asiri wajen shekara biyu ba.

Idona ya riga ya fara tafiya, kuma ba ta inda nake tsammani ba. Na ɗauka makanta da dishi-dishi take farawa. Ni abin da na kalla kai tsaye ina ganinsa tar, har zare nake sa wa allura. Gefe ne yake cinyewa, musamman hagu, a hankali, ba ciwo ba hawaye. Na fara da ture kofin kunu da gwiwar hannu, na ce Kasham ce ba ta iya ajiye abu ba. Ɗan acaba ya goge ni a shataletale, na wanke shi tas a gaban jama'a, alhali bawan Allah ya daɗe yana tahowa ta haguna, ni ce ban gan shi ba. Matar Fasto ta aiko a tambaya ko ta yi mini laifi, don sau biyu tana ɗaga mini hannu a kasuwa ina wucewa fuu. Duk wanda ya matso kusa da gaskiyar sai in tare shi da faɗa, kuma da yake an san ni da zafin baki tun ina budurwa, ba wanda ya ga sabon abu.

Tsoro nake ji, in faɗa muku ba kwana-kwana, kuma ba duhun kaɗai nake tsoro ba. Ku a makance kuka sami mahaifiyata, ba ku san wace ce ita a da ba. A ƙauyenmu da ke bayan Zonkwa, mace ce da in ta yi magana a taron mata ba mai ƙarawa. Da idonta ya tafi ba wanda ya wulaƙanta ta, ba ta taɓa wuni da yunwa ba. Abin da aka yi mata kawai shi ne aka daina yi mata magana, aka koma yin magana a kanta. Tana zaune a tabarma baƙo zai shigo ya dube ni ya ce, ta ci abinci, yaya jikin nata. Ita kuma kunnenta garau, tana ji. Na sha ganin bakinta yana motsi tana shirya amsa, kafin ta buɗe shi an riga an amsa mata, kuma sau da yawa ni ce mai amsawar. Wannan ranar nake gudu. Na kuma san cewa ranar da aka ji mai buga furogiram ba ta gani sosai, daga ranar ba wanda zai sake miƙo mini sunayen matattunsa.

Ana cikin haka, da damina, lokacin da citta ta rufe gonaki, Didam ya zo daga Kaduna da kwali a kafaɗa. Bai daɗe da samun aiki ba, yana zaune wajen Mararaban Rido, kuma wannan ne abu na farko mai nauyi da ya taɓa kawo mini. Ya dire shi a teburin shago, murmushi har kunne.

"Momi, na kawo miki sikirin mai faɗi. Wannan akwatin naki ya isa ritaya, ya ma fi Dadi tsufa."

"Wa ya ce maka na yi kuka da shi?"

"Ba ki yi kuka ba, amma ina ganin yadda kike manna fuska kina jan feji. Wannan, gaba da baya duka za su shiga lokaci ɗaya. Ba sabo fil ba ne, na hannu ne, amma abokina ya gwada shi. Abeg ki yi aiki da shi sati biyu. In ya yi miki, shi ke nan. In bai yi ba in mayar masa, no wahala."

Allon bai fi nawa da wani abin a zo a gani ba. Tsawonsu ɗaya, faɗi ne ya ƙaru, kamar tafin hannu guda ta kowane gefe. Ya haɗa wayoyi, ya buɗe wani tsohon aiki, ya ja baya yana jiran in rangaɗa guɗa. Na duba. Na ga tsakiya, na ga dama in na ɗan karkata. Hagu kuwa babu. Ba baƙi ba ne, ba fari ba, babu ne kawai, yadda mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Ya motsa maus, 'yar kibiyar ta tafi hagu ta ɓace mini. A tsohon allon ban taɓa ɓatar da ita ba, don duk faɗinsa bai wuce abin da ya rage mini ba. Wannan tafin hannun da aka ƙara shi ne ya auna mini abin da na rasa, kuma ya fi yadda nake gaya wa kaina yawa. Na ce masa ya yi kyau, Allah ya yi albarka, sannan na ce ya fita ya samo mana ruwa mai sanyi, don in lalubo kibiyar ba ya kallona.

A gida aka kafa majalisa a kaina. Ranar Lahadi bayan sujada, Didam ya riga ya koma, muna cin tuwon acca, Malam ya ɗauko zancen.

"Maman Didam, yaron nan ya yi tunani. Ni shekara talatin ina koyarwa, ba ɗalibin da ya taɓa kawo mini ko alli."

Kasham ta ce, "Gaskiya Mama, na zauna a gabansa jiya, yana hutar da ido. Ki riƙe shi mana."

Na ce, "Yana cin wuta. Teburin ma ya yi masa kaɗan. Kuma haskensa yana sa ni ciwon kai."

Malam ya ajiye loma ya dube ni ta saman tabarau. "Dalili uku a numfashi ɗaya. A aji, in yaro ya ba ni uku, na san na huɗun ne na gaskiya."

Na buga cokalin miya a tire na ce ya je ya ci gaba da gyara wa rediyo Turanci, ya bar mini aikina. Suka yi dariya, na tashi na shiga kicin na jingina da bango har sai da numfashina ya daidaita.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Kullum da safe in na buɗe shago sai in turo ƙofa, in zauna gaban allon, in rufe ido ɗaya in buɗe ɗaya, in tura kibiyar hagu a hankali in ga inda za ta nutse, in sa ɗan yatsa a wurin. Washegari in sake, ina roƙon Ubangiji kada yatsan ya matso ciki. In na riƙe allon, dole in riƙa juya kai gaba ɗaya kamar kaza, alhali masu kawo aiki a gefena suke zama suna kallon duk motsina. In na mayar, me zan ce wa yaron da ya ɗauko shi a kan cinya tun daga Kaduna? Wata Talata na yi ƙarfin hali na hau mashin na ce a kai ni wurin da ake duba ido. Muna isa bakin ƙofa na ga wata mata sa'ata tana fitowa, an manna mata auduga, mijinta ya riƙe ta a gwiwar hannu yana ce mata ɗaga ƙafa, ga dakali. Ban sauka ba. Na ce wa mai mashin na yi mantuwa, kasuwa za ni. Na sayo daddawar da ba na buƙata na dawo shago na zauna.

A cikin sati na biyu Baba Yohanna ya rasu, dattijon ikilisiyarmu, tsoho mai shekara tamanin da wani abu. Babban ɗansa ya kawo hotuna da rubutu ranar Laraba, jana'iza Asabar. Furogiram na ƙarshe da na yi kafin nan na Hannatu ne, wata yarinya 'yar cocinmu da ke karatu a Gidan Waya, mashin ya faɗi da ita a hanyar makaranta, ba a cika wata biyu ba. Uwarta, Maman Hannatu, manomiya ce daga wani ƙauye a bayan gari, muna zumuntar matan coci tare, kuma Hannatu kaɗai ce 'yarta mace. A furogiram ɗin yarinyar na yi abin da ban saba ba. Ban da babban hoton gaba, na sa wani ƙarami zagayayye a bangon baya, can ƙasa a kusurwar hagu, tana dariya da rigar mawaƙa, na rubuta a ƙarƙashinsa: Hannatu, sai mun sadu. Na yi don uwar ta ji sanyi a ranta, kuma na manta na yi.

Na buɗe na Hannatu na juye shi ya zama na Baba Yohanna. Na canja hoton gaba, na canja suna, na bi shafukan ciki ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan ba su ba ni wahala ba, don kowanne a tsakiya yake tsayawa. Da na dawo kan bango sai ga shi duka a allon, ba abin ja ba abin turawa. Ɗan marigayin yana tsaye a bakin ƙofa yana ta waya da masu kujeru da masu haƙa kabari, yana juyowa jefi-jefi ya ga ko na gama, ni kuma ban so ya kama ni ina juya kai. Na dubi abin da nake iya gani, ya yi kyau. Hannuna bai ji akwai sauran aiki ba, don a da jan shafin ne yake gaya mini na bi ko'ina. Ƙa'idata ce in fitar da kwafi ɗaya Malam ya bi mini da jan biro, amma ya tafi Zonkwa taron dangi, firinta kuma tawada ta ƙare. Na zuba aikin a filash na ba ɗan marigayin ya kai wa masu bugawa. Su ba su san Baba Yohanna ba, ba su san Hannatu ba. Suka buga, suka ninke, suka ɗaure, aka wuce da ƙunshin coci ranar Asabar da safe.

Cocin ya cika har waje. Mu 'yan zumunta muna jere da ankonmu, akwatin gawa yana gaba, masu raba furogiram suna bi layi-layi. Na karɓi nawa na dubi gaba, Baba Yohanna ya fito da kyau da hularsa, har na ji daɗi. Ana tsakiyar waƙar farko na ji wani sauti a bayana, ba kuka ba ne tukuna, irin na wanda aka nausa a ciki. Sai ihu. Maman Hannatu ce ta miƙe tsaye da takardar a hannu, tana kiran 'yarta da yare, sannan ta juya Hausa yadda kowa zai ji, irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Wa ya sake binne mini yaro na? Na binne shi sau ɗaya, bai isa ba? Wa ya sa shi a bayan akwatin wani?"

Ta yanke jiki ta faɗi tsakanin benci. Sai na ji ƙarar takardu, coci guda ana juya furogiram lokaci ɗaya. Na juya nawa, na kawo kusurwar daidai gaban idona. Ga Hannatu tana dariya. Mawaƙa suka yi shiru, Fasto ya sauko daga bagadi, 'ya'yan marigayin suna kallon juna, wata surukarsa tana faɗa da ƙarfi cewa wannan ba alamar alheri ba ce, gidansu zai sake binne wani. Kowa kuma ya san hannun da ya yi aikin. Ban ga masu kallona ta hagu ba, amma na ji idanunsu a jikina.

Aka fitar da Maman Hannatu, aka tattara takardun, aka binne Baba Yohanna ba furogiram. Bayan an rufe kabari ɗansa ya zo ya tsaya a gabana, bai ɗaga murya ba, ya ce, Mama, me ya faru. Ga Fasto, ga Malam da ya dawo da safen nan, ga Kasham. Da na ce idona ne, da an tausaya mini nan take, kuma wannan tausayin na fi tsoro a kan zagi. Sai na ji bakina yana cewa:

"Sabon allon nan ne da Didam ya kawo. Gefen hagunsa yana yin duhu."

Kafin yamma na cire shi na mayar cikin kwali, na dawo da tsohon. Didam ya taho washegari, ko gida bai biya ba. Ya fito da allon ya haɗa ya kunna, ya zauna yana kallonsa kusan awa guda. Allon tar, ko tabo babu.

"Momi, ban ga komai ba fa."

"Yana zuwa yana tafiya. In wuta ta yi ƙasa yake yi. Ko ƙarya nake yi maka?"

"A'a Momi, haba." Ya murza goshi. "Dama an ce na hannu wasu suna da matsala a ciki. Laifina ne. Da ban kawo miki ba."

Ya yarda, don a saninsa uwarsa ba ta taɓa kuskuren suna ba, ba ta kuma taɓa yi masa ƙarya ba. Ya mayar wa abokinsa allon, na ji daga baya sun yi cacar baki har sun daina gaisawa.

A wajenmu irin wannan laifi ba a gyara shi ta waya. Sai an je gida, da dattijo a gaba, da kaza a hannu, mai laifi kuma ya durƙusa. Ina shirin tafiya Didam ya ce shi ne zai durƙusa, tunda kayansa ne ya jawo. Ban hana shi ba. Muka tafi mu huɗu, ni da shi da Malam da wani dattijon coci. An yi ruwa da safe, tsakar gidan duk taɓo. Maman Hannatu tana zaune a gindin rumbu, ta rame, idanunta sun faɗa. Didam ya sa gwiwa biyu cikin taɓon nan da wandon aikinsa, ya ce shi ne, shi ya kawo wa uwarsa na'ura marar kyau, ta yafe masa saboda Yesu. Ni ina tsaye a bayansa riƙe da jaka.

Ta dube shi ta ce, "Tashi, yaro na. Inji ne, inji bai san Hannatu ba. Maman ka ne ya san shi, shi ya koya masa waƙa tun yana ƙarami. Da Maman ka ya gani da idon shi, ai ba zai bari ba. Tashi, na yafe."

Ta juyo ta kama hannuna tana ba ni haƙuri, wai kada in sa abin a rai. Ni ake ba haƙuri! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ko a nan ban faɗi gaskiya ba. Na ce mata na gode, Ubangiji ya ta'azantar da ita.

A hanyar dawowa Didam da dattijon suka yi gaba neman mashin, Malam ya matso kusa da ni. Sai a ranar na lura cewa ya daɗe yana tafiya ta haguna duk inda za mu, shi da a da yake gaba ina bin bayansa. Ya kira ni da sunana, abin da bai yi ba tun haihuwar Didam.

"Rifkatu, yaron nan bai yi komai ba. Mu je asibiti."

"In kana da ciwo ka je. Ni lafiyata ƙalau."

"Ni ba zan faɗa masa ba. Bakinki ne ya ɗaura, bakinki zai kwance."

Ya tsaya a kan maganarsa har ya koma ga Ubangiji. Ya sha yi mini zancen asibiti in muna mu biyu, na sha yi masa tsawa, amma ku bai ce muku uffan ba. Har yau ban san ko in gode masa ko in yi fushi da shi ba.

Na ci gaba da aiki da ɗan allona. Mutane suka dawo, tunda an ce laifin na'ura ne, har ana yaba mini cewa tsohon hannu ya fi kayan zamani. Na sami abin da nake so. Shekara ɗaya da rabi na ƙara ina ɓoyewa, abin da nake gani yana ta matsewa, har shi ma ƙaramin allon ya yi mini faɗi, kibiyar ta fara ɓace mini a cikinsa. Sannan na faɗa kwalbati a ƙofar shago da rana tsaka na karya wuyan hannu. Kasham ba ta nemi shawarata ba, bayan ɗori ta sa ni a mota sai asibitin ido a Kaduna. Likitar, wata yarinya da ba ta fi Kasham ba, ta ce hawan jinin ido ne, kuma yana bin jini, don haka dukanku ku je a duba ku, wannan ba roƙo nake yi ba. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa sai dai ya tsare abin da ya rage. Idon hagu ya riga ya mutu. Ta tambaye ni tun yaushe na fara lura, na ce kwanan nan. Ta dube ni, ta sunkuya ta yi rubutu.

Da muka fito Didam yana jiranmu a baranda. Kasham ta gaya masa abin da aka ce. Ya zauna kusa da ni a benci, na ji yana jan hanci.

"Momi, ni na jawo. Da na kawo miki sikirin mai kyau tun lokacin, da ba ki koma kina matse ido a wannan ƙaramin ba. Shi ya kashe miki ido."

Nan ma Ubangiji ya sake buɗe mini ƙofar faɗin gaskiya. Na shafa kansa na ce ya wuce, nufin Allah ne. Na bar shi ya ɗauki wannan ma ya ɗora a kan na farko.

Didam, da kai nake yanzu. Allon nan lafiyarsa ƙalau. Ba ya duhu, wuta ba ta taɓa rage masa komai ba, abokinka bai cuce ka ba. Shi ne ma ya fara gaya mini gaskiya, da na saurare shi a wannan satin da yau ina ganin 'ya'yanka su uku a jere, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Ni na sa hoton Hannatu, ni na kasa ganinsa, ni na tsaya riƙe da jaka kana durƙushe cikin taɓo. Ƙaramin allon ma bai kashe mini ido ba, tsorona ne ya ba ciwon lokaci. Maman Hannatu na riga na je na faɗa mata da bakina watan jiya. Ta ce in je in faɗa wa ɗana. Ita ta zo mini da sauƙi. Kai ne na kasa, sau uku ina ɗaga waya ina ajiyewa, shi ya sa na koma ga abin da na iya, na buga.

Ina tsoron abin da zai biyo bayan ka karanta wannan fiye da yadda na ji tsoron makanta. Ban ce ka yafe ba, ba ni da bakin faɗar haka. In ka ga za ka zo, ina gida, ba inda nake zuwa yanzu. Ka faɗa mini duk abin da ke ranka. Kada dai ka zauna kusa da ni, ka tsaya a gabana ka ja baya kamar taku uku, daga nan ne fuskar mutum take shiga idona gaba ɗaya. Ina so in gan ta, ko da fushi ne a kanta.